Karatun Kimiyyar Dabbobi da Dawaki a Jami'a: Tambayoyin da Ɗalibai da Iyaye Suka Fi Yi

Duk lokacin da aka fara sayar da fom ɗin JAMB, tambayoyi kan wannan fanni sukan yi yawa, daga yaran da suka gama sakandare da kuma iyayensu. Wasu son dabbobi ne ya kawo su, wasu kuma jami'a ce ta ba su kwas ɗin ba tare da sun nema ba. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na amsa su a nan.

Kimiyyar dabbobi da likitancin dabbobi ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma rashin sanin wannan ya sa yara da yawa sun shiga inda ba su yi niyya ba. Likitan dabbobi shi ne mai gano cuta, ya rubuta magani, ya yi tiyata, ya duba nama a kwata ya ce wannan ya halatta a sayar, wancan a binne. Karatunsa shekara 6 ne, digirinsa DVM, kuma Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ce ke ba shi lasisi.

Masanin kimiyyar dabbobi kuwa, aikinsa na kan lafiyayyar dabba: me za ta ci, nawa za ta ci, da wane namiji za a haɗa ta, yaya za a gina mata wurin kwana, yaya za a samu ƙarin madara ko nama ko ƙwai ba tare da kuɗin abinci ya cinye ribar ba. Shi ma yana da hukumar da ke yi masa rajista, wato NIAS, wadda doka ta kafa a 2007. Ana koya masa cututtuka da rigakafi daidai gwargwado, amma wannan bai mayar da shi likita ba. Ina jan kunne a kan wannan domin a ƙauye duk wanda ya riƙe sirinji "dokta" ake ce masa, kuma sunan yana da daɗin ji. Wanda ya san iyakar aikinsa, ya kira likita a lokacin da ya dace, shi ne makiyaya suke daɗewa da shi.

Waɗanne darussa ake buƙata?

A WAEC ko NECO ana neman kiredit 5, ciki har da Turanci, Lissafi, Kemistiri, da Bayoloji ko Kimiyyar Noma, sannan Fizis. A JAMB akan zauna wa Turanci, Kemistiri, Bayoloji ko Noma, da Fizis ko Lissafi. Mai son likitancin dabbobi sai ya haɗa Fizis da Kemistiri da Bayoloji, kuma makin da ake yankewa ya fi yawa. Jami'o'i sukan ɗan bambanta, saboda haka ka karanta ƙa'idar wadda ka zaɓa a littafin JAMB na shekarar. Wanda ke da difloma a fannin noma ko lafiyar dabbobi yana iya neman shiga kai tsaye aji 2.

Kada ka yi wasa da Kemistiri. Shi ne yake kayar da ɗalibai a shekarun farko, kuma duk ilimin abincin dabbobi a kansa ya zauna.

Shekara nawa ake yi, kuma me ake koyarwa?

Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne digirin noma na shekara 5. A shekaru 3 na farko kowa da kowa tare ake tafiya: ƙasa, amfanin gona, tattalin arzikin noma, dabbobi. Shekara ta 4 ta aikin gona ce, a ta 5 kuma ɗalibi ya ware zuwa sashen dabbobi ya yi bincikensa na kammalawa. A ƙarshen 2022 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja wadda ta ba da damar a yi kimiyyar dabbobi a matsayin digiri mai zaman kansa, don haka ka tambayi wane tsari jami'arka take kai.

Darussan sashen sun haɗa da ginin jikin dabba da yadda gaɓoɓinta ke aiki, abinci, gado da inganta iri, haihuwa, makiyaya da ciyayi, sarrafa nama da madara da fata, da ƙididdiga. Za ka haddace cewa saniya tana ɗaukar ciki wata 9, tunkiya da akuya wata 5, goɗiya wata 11, jaka kusan shekara guda, raƙuma wajen wata 13, ƙwan kaza kuma kwana 21 yake ƙyanƙyashewa. Wannan haddar ita ce mai sauƙi. Mai wuyar shi ne a ba ka farashin masara da waken suya da dusa na kasuwar yau, a ce ka haɗa abincin kajin ƙwai mai furotin kashi 16 zuwa 17 cikin 100 a kan kuɗi mafi arha. A gidan kaji abinci ne ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da ake kashewa, shi ya sa mai iya wannan lissafi ba ya rasa mai nemansa.

Shekarar gona ita ce take tace mutane. Da asuba kake isa garke, ka kwashe kashi, ka auna abinci, ka wanke kwanon ruwa. Za a nuna maka yadda ake kayar da bijimi da igiya ba tare da an karya shi ba, yadda ake buɗe bakin rago a ƙirga haƙoran da ya fasa a san shekarunsa, yadda ake zagaya ƙirjin sa da tef a ƙiyasta nauyinsa idan babu sikeli, yadda ake dandaƙa, da yadda ake cire kaska. Ranar farko da za ka sa doguwar safar hannu ka zura hannu har kafaɗa don duba cikin saniya, a nan za ka san ko wannan hanya taka ce. Ɗalibin da ya riƙa fakewa a bayan abokansa a wannan shekara zai iya cin jarrabawa, amma mai gona yakan gane shi cikin mako guda.

A ina ake wannan karatu?

Kusan duk jami'ar da ke da tsangayar noma tana da sashen dabbobi: Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Maiduguri, Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da ta Makurɗi. Zariya tana da wata falala, domin cibiyar binciken kiwo ta ƙasa, NAPRI, tana Shika a ƙarƙashinta. Wurin ya fara a matsayin gonar kiwon gwamnati a 1928, ya zama cibiyar ƙasa a 1976, kuma a nan aka samar da kazar ƙwai da ake kira ShikaBrown. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi kuma tana Vom a jihar Filato tun 1924, inda ake yin allurar rigakafi. Mai neman difloma yana da kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom ɗin, da kwalejin noma da kiwo ta hanyar Mando a Kaduna.

'Yan'uwanmu na Nijar suna da tsangayar noma a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, kuma likitocin dabbobinsu da yawa a makarantar Dakar ta Senegal suka yi karatu. Tashar Tukunus da ake inganta shanun Azawak, da cibiyar jar akuya ta Maraɗi, wurare ne da ya kamata ɗaliban Najeriya ma su sani.

Shawarata kafin ka zaɓa: je ka ga gonar jami'ar da idonka. Sashen da ke da garke da kaji masu rai da injin niƙan abinci mai aiki ya fi sashen da ke da babban suna da turaku babu kowa.

Ni dawaki nake so. Akwai digirin dawaki zalla?

A jami'o'inmu doki yakan zo ne a matsayin darasi cikin kimiyyar dabbobi ko likitanci, sau da yawa a haɗe da jaki da raƙumi, kuma lokacin da ake ba shi kaɗan ne idan aka kwatanta da shanu da kaji. Dalilin a fili yake: an gina manhajar ne a kan nama da madara da ƙwai. Digirin da aka keɓe wa doki kaɗai ana yin sa a ƙasashen waje, kamar Jami'ar Hartpury a Ingila, Jami'ar Limerick a Ailan, da jami'o'in Kentucky da Colorado a Amurka. A can ana karanta motsin doki, horonsa, kiwon dawakin sukuwa da tafiyar da barga a matsayin kasuwanci. A nahiyarmu kuma, makarantar likitancin dabbobi ta Onderstepoort a Afirka ta Kudu ta yi suna a binciken cututtukan doki.

Wannan giɓi yana damuna, domin ƙasar Hausa ƙasar dawaki ce. Sarautar Madawaki da ta Shamaki duk daga doki suka samo asali. Dubi yawan dawakin da ke fita Hawan Daushe da Hawan Nasarawa a Kano, ko hawan Sallah a Katsina da Zazzau da Bauchi da Haɗeja. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Ga wasan folo, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa masa gindi a Arewa, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa, har yau kuma ana gasa a Kaduna da Kano da Katsina, da dawakin da ake sayowa daga Ajantina da kuɗi masu nauyi. Ga 'yan sandan doki, ga masu sukuwa, ga samarin da ke kilisa da yamma, ga hawan angwanci. Duk waɗannan dawaki suna ci, suna ciwo, suna haihuwa, amma masu ilimin boko a kansu ba su taka kara sun karya ba.

Saboda haka ga hanyar da nake ba mai son doki. Ka yi kimiyyar dabbobi ko likitanci a gida. Duk hutu ka nemi barga ka zauna, ko ta fada, ko ta kulob ɗin folo, ko ta wani attajiri a unguwarku, ka yi aikin ɗan barga da hannunka. Idan lokacin binciken kammalawa ya zo, ka nemi malamin da zai yarda ka yi a kan doki ko jaki, kuma NAPRI tana da sashen binciken dawaki da raƙuma da za ka iya tuntuɓa. Bayan haka, idan Allah ya buɗe, sai ka nemi digiri na biyu a waje. Wanda ya je can da sanin linzami da ragama da halin ingarma ya fi amfana da abin da zai tarar.

Me jami'a za ta koya mini game da doki wanda tsohon ɗan barga bai sani ba?

Tsohon ɗan barga ya san abubuwan da babu su a littafi. Daga tsayuwar doki a turke yake gane ba ya jin daɗi, ya san halin kowane ɗaya, akawal ne ko kili ko gunya, ya san wanda ke harbi da wanda ke cizo. Ka girmama shi, ka gaishe shi da "Baba", ka saurara. Abin da karatu zai ƙara maka shi ne dalili.

Ɗauki cikin doki. Saniya tana da tumbi babba mai ɗaki huɗu, ta cika shi ta kwanta tana tuƙa. Doki tumbinsa ɗaya ne, ƙarami idan aka dubi girman jikinsa, ba ya wuce lita 15, kuma a babban hanji yake narkar da ciyawa. Ba ya iya amai. An halicce shi ne ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan yini guda. To ka duba abin da ake yi idan Sallah ta matso: dokin da ya yi watanni a turke sai a fara ɗura masa gero da dawa don ya yi ƙiba ya yi sheƙi ranar hawa. Hatsin da ya yi yawa a lokaci ɗaya yakan wuce zuwa babban hanji bai narke ba, ya yi tsami a can. Sai ka ga doki yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana gumi, yana kwanciya yana birgima. Wani lokaci kuma abin a kofato yake sauka, cikin kofaton ya kumbura, doki ya tsaya ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya saboda zafi. Dawaki masu tsada sun tafi ta wannan hanya, aka ce sammu ne ko kambun baka. Wanda ya yi karatu ya san cewa harawa da ciyawa su ne gindin abincin doki, yana cin kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, hatsi kuma a rarraba shi sau da yawa, a ƙara shi a hankali cikin kwanaki, ruwa kuma kada ya yanke, domin a zafin bazara doki yana iya shan lita 40 ko fiye.

Ga wani misali. Akwai maganin da ake sa wa a wasu abincin kaji da na shanu, irin su monensin, wanda ɗan kaɗan ɗinsa yana lalata zuciyar doki har ya kashe shi. Mutumin da ke da gidan kaji da barga a gida ɗaya, ya ga ragowar abinci ya ce a zuba wa doki, bai san abin da ya yi ba. Haka haƙoran doki, suna ta fitowa tsawon rayuwarsa, gefensu yakan yi kaifi ya yanki kunci, sai doki ya riƙa zubar da abinci yana ramewa, ana ta ba shi maganin tsutsa alhali gogar haƙori yake buƙata. Akwai kuma annobar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba suke yaɗawa, kuma ta fi kashe dawakin da aka shigo da su daga waje. Rigakafi da rufe barga da raga a waɗannan lokuta suna cikin abin da za ka koya.

Kada a manta da jaki, domin shi ne motar talaka a karkara. Murar dawaki da ta ɓarke a ƙarshen 2018 zuwa 2019 ta kashe jakuna masu yawa a Sakkwato da Nijar. Cinikin fatarsa zuwa Sin ya rage yawansa har Tarayyar Afirka ta hana yanka shi don fata a Fabrairun 2024. Ɗalibin da ya zaɓi jaki a bincikensa zai tarar da fili a buɗe.

Gidanmu makiyaya ne tun kaka da kakanni. Ina buƙatar digiri?

Kai ne ma ka fi dacewa da shi. Yaron da ya tashi a ruga ya san shanu irin su Bunaji da Rahaji da Bokoloji, ya san tumaki irin su Uda da Balami da 'Yankasa, ya san alamar sammore da ɓoru da ciwon huhu tun kafin malami ya rubuta sunansu a allo. Abin da zai samu shi ne amsar matsalar da ta addabi gidansu: me ya sa saniyarmu ba ta wuce lita 1 zuwa 2 a rana, me ya sa dabbobi ke zubewa duk rani. Zai koyi yanke ciyawa tana ɗanya a adana, tsuma karan masara a rami, shuka ciyawar kiwo, haɗa dusa da ƙulin angurya, rubuta tarihin kowace saniya, da baye na zamani da ake yi da irin bijimin da aka daskarar. Zai kuma koyi cewa jinin shanun Turai yana ƙara madara amma yana rage juriyar zafi da kaska, don haka haɗin yana da iyaka. Burtali yana ƙara matsewa kowace shekara, kuma gara a ce 'ya'yan makiyaya ne suke zaune a teburin da ake tsara makomar kiwo.

Mace za ta iya?

Ƙwarai kuwa. A gidajenmu ma awaki da tumaki da kaji a hannun mata suke, nono kuma matan Fulani ne ke sarrafa shi su sayar. Macen da ta yi wannan karatu tana shiga gidan da namiji ba zai shiga ba, ta yi wa matan gida bayani. Kama dabba dabara ce da igiya, ba ƙarfin damtse ba.

An ce ana karanta alade. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, yana cikin manhaja kamar zomo da kaza, kuma yana fitowa a jarrabawa. Babu mai tilasta maka ka ƙware a kansa ko ka yi sana'arsa. Idan aikin hannu ya taso kuma zuciyarka ba ta natsu ba, ka yi magana da malamin darasin cikin ladabi, ka kuma tambayi malaman addini da ka amince da su.

Akwai haɗari a aikin?

Akwai. Doki yana harbi, sa yana tunkuyi, kuma wasu cututtuka suna tsallakowa daga dabba zuwa mutum: tarin fuka, haukan kare, bakkale mai sa shanu ɓari, da murar tsuntsaye, wadda aka fara ganin nau'inta na H5N1 a Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna a 2006. Takalmin roba, safar hannu, wanke hannu da dafa madara kafin sha ba ƙa'idar makaranta kaɗai ba ce.

Wane aiki zan samu idan na gama?

Akwai ma'aikatun gona na jihohi, cibiyoyin bincike, koyarwa, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙira a Yulin 2024. Sai dai kujerun gwamnati ba su kai yawan masu fitowa ba, kada wani ya ruɗe ka. Inda aikin ya fi yawa shi ne kamfanonin abincin dabbobi irin na Jos da Kaduna, wuraren ƙyanƙyasar kaji, manyan gonaki, kamfanonin madara masu tara nono daga rugage, ƙungiyoyin raya karkara, da bankuna masu ba da rancen noma. Mai ilimin doki kuma yana da bargar folo da ta fada da ta masu hali.

Sannan ga sana'ar kai. Kajin nama suna isa yanka cikin mako 6 zuwa 8, turkar raguna tana da kasuwarta duk Babbar Sallah, kasuwannin Maigatari da Wudil da Mai'aduwa da Potiskum da Illela suna ci kowane mako. Ka fara tun kana ɗalibi, ko da kaji 50 ne ko rago 2, ka rubuta duk kwabon da ya shiga da wanda ya fita. Littafin nan shi za ka nuna wa mai son zuba jari, ya fi takardar neman aiki magana.

Likitancin mutane na nema aka ba ni wannan. In karɓa ko in sake JAMB?

Idan ranka yana kan asibiti har yanzu, kuma makinka ya kusa, iyayenka kuma za su iya ɗaukar nauyin wata shekara, sake zama ba laifi ba ne. Abin da ba na so shi ne ka karɓa kana jiran canjin kwas, domin canjin yana da wuya, kuma wanda ya shiga da rabin zuciya yakan lalata makinsa na shekarar farko, ya rasa nan ya rasa can. Kafin ka yanke hukunci, ka nemi gonar kaji ko garke ko barga a kusa da ku, ka roƙi a bar ka ka yi mako 2 kana aiki tare da su tun daga safe. Ka kwashe kashi, ka ɗauki buhu, ka tsaya a wurin haihuwa idan an dace. Idan ka dawo gida kana ba da labarin dabbobin, ka karɓi gurbinka ka yi rajista. Idan kuwa kwanakin sun yi maka tsawo, ka bar wa wani gurbin ka koma ga littattafan JAMB.